Inda Na Rabu da Isyaku a Hanya

Unguwar Hashimi,
Suleja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya sa tafiyar da ke gabanki ta zama alheri gare ki da mu baki ɗaya. Ki gaishe da gwaggonki da mutanen gidanta, ki yi mata godiya a madadina kan riƙon da ta yi miki tsawon kwas ɗin nan naku a Abuja.

Kin san ba na iya doguwar magana da ke ido da ido. Sunan mahaifiyata gare ki, in na ɗaga kai na dube ki sai nauyi ya kama ni. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba mamanki ta kawo miki. Labarin gida a bakinta za ki ji. Ni labarin kaina zan ba ki, ɓangaren da ban taɓa gaya muku ba. Tun da aka ce an tura ki ofishin jakadancinmu a ƙasar waje, aikin da na shekara ashirin da biyu ina yi, na ga bai dace ki tafi kina zaton mahaifinki ya yi shi yadda ya kamata ba.

Kin tuna watan jiya da aka karrama Alhaji Isyaku a can ƙetare, saboda littattafan da ya rubuta a kan zaman tare tsakanin al'ummun duniya. Ke kika nuna mini hotonsa a wayarki, kina murna wai ɗan garinmu ne, marubuci, tsohon jakada, tsohon ɗan majalisa. Kika tambaye ni ko na san shi, na ce miki sama-sama. Ba gaskiya na faɗa miki ba. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, tun garin nan ana kiransa Abuja, kafin a ɗauki sunan a ba sabon birni. Mahaifinsa maƙeri ne, nawa mai awon hatsi a kasuwa. Tare muke zuwa wanka rafi, tare ake yi mana bulala in mun makara. Daga yau Baba Isyaku za ki riƙa ce masa, don haka ya kamata a ce kin taso kina kiransa.

A makaranta malamai sun fi yaba rubutuna da nasa, kuma na san da haka, har ya shiga kaina. Da muka gama sakandare kowannenmu ya rubuta ɗan littafin labari a littafin makaranta mai layi. Muka kai wa wani tsohon malaminmu, Malam Bawa, wanda ya taɓa aikin gyaran littattafai a Zariya. Bayan mako biyu ya kira mu zaurensa ya miƙo mana, kowane shafi ya sha jan biro. Labarina na wani manomi ne, ni kuwa ban taɓa wuni a gona ba. Malam ya dube ni ya ce, "Kana da harshe, amma ba ka san mutanen da kake rubutu a kansu ba. Je ka zauna da su tukuna, ka dawo."

Na fito ina huci. A hanya na ce wa Isyaku tsohon nan baƙin ciki yake yi, don shi bai taɓa wallafa komai ba. Isyaku kuwa yana tafe yana duba nasa, wanda jan biron da ke ciki ya fi nawa yawa. Sau huɗu ya sake rubuta littafin nan yana mayar wa Malam. Ni kuwa na jefa nawa a akwatin ƙarfe na rufe. Da na buɗe bayan shekaru, gara ta gama da shi.

Saboda haka, Ummi, in babba a wurin aiki ya dawo miki da takardarki da gyara, ki karɓa da hannu biyu, ki koma ki zauna ki sake. Za ki ji zafi, ke ma kin saba da yabo kamar yadda na saba. Ki bar zafin ya wuce kafin ki buɗe baki. Wanda ya ɓata lokacinsa ya gyara miki ya fi mai ce miki ya yi kyau ƙaunarki.

Allah Ya sa muka shiga aikin jakadanci shekara ɗaya da Isyaku, daga baya kuma aka tura mu ƙasa ɗaya. Ba zan ambaci sunanta ba, ba shi da amfani. Shi aikinsa rubuta wa jakada rahoto, ni kuwa aka ba ni sashen 'yan ƙasarmu mazauna can, wato fasfo da takardu da koke-koke. Na raina aikin. Gani nake mai ilimi kamata bai dace ya ƙare a bayan tagar gilashi yana sauraron teloli da direbobi ba. Hankalina yana wurin liyafa da tarurruka, inda ake sa kwat ana gaisawa da manya.

Wata ranar Alhamis wani dattijo ya zo tagar. Malam Audu sunansa, Bakatsine, tela. Ya shekara ashirin da shida a ƙasar, ya auri 'yar can, suna da 'ya'ya huɗu. Ya ce hukuma ta fara kamen baƙin da takardar zamansu ta ƙare, tasa ta ƙare, kuma ba za a sabunta masa ba sai da sabon fasfo. Ya cike komai, ya kawo hotunansa a ɗaure cikin leda. Sa hannuna kawai ya rage, aikin da bai kai minti goma ba. A ranar kuwa muna da babban baƙo daga gida, an ɗora mini tsara wurin zaman liyafa, ina so jakada ya ga ƙwazona. Ko ƙofa ban buɗe wa dattijon ba. Ta cikin gilashi na ce masa ya dawo Litinin. Ya ɗan tsaya yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron Litinin ɗin nan ta yi mini nisa." Na ce kowa da yake zuwa nan haka yake cewa. Na ja labule na tafi lissafin kujeru.

Ranar Asabar aka kama shi a shagonsa, da tef ɗin awo a wuyansa. Aka haɗa shi da wasu aka sa su jirgi. Ranar Litinin matarsa ta zo da yaran, suka zauna a ƙasa bakin ƙofar ofis. Isyaku ne ya shigo da su ya ba su ruwa. Shi ya koyi harshen ƙasar har yana hira da masu shara da 'yan kasuwa, ni kuwa shekarata uku ban wuce gaisuwa ba. Matar ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba, Isyaku yana fassarawa. Daga ƙarshe ta tambaya wane ne ya ce wa mijinta ya dawo Litinin. Isyaku ya fassara tambayar yadda take, bai rage komai ba, bai kuma nuna ni ba. Ina tsaye a gabanta, ban ce ni ne ba. Ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta tattara 'ya'yanta ta fita.

Ga abin da nake so ki riƙe. Duk wanda ya tsaya a tagarki, a ranar ke ce ƙasarsa gaba ɗaya, ba shi da wata. Ki buɗe ƙofa, ki ba shi kujera, ki tambayi sunansa. In ya ce yana jin tsoro, ki yarda da shi har sai kin tabbatar ba haka ba ne. Abin da za ki iya gamawa yau kada ki ce gobe. Kuma daga makon da kika sauka ki nemi mai koya miki harshen mutanen ƙasar, ko da kowa a ofis ya ce Turanci ya isa. Bai isa ba. Da Turanci za ki ji abin da manya suke so ki ji. Abin da ake ciki a ƙasa kuwa, sai a bakin mai sayar da burodi.

Ban gama ba, abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Labarin korar ya kai gida, aka nemi bayani. Jakadanmu yana tsakiyar ƙulla wata yarjejeniyar ciniki da ƙasar, ba ya son abin da zai ɓata. Ya ce a rubuta cewa waɗanda aka kora masu laifi ne, kuma babu ko ɗayansu da ya taɓa zuwa ofis neman taimako. Ya fara kiran Isyaku, tunda aikinsa ne. Ina cikin ɗakin. Isyaku ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai iya rubuta wannan ba. In akwai wani aikin a ba ni." Bai yi wa'azi ba, bai zagi kowa ba. Jakada ya juyo ya dube ni. Na ce zan yi.

Na rubuta, Ummi, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai shi tsari ba. Duk baiwar da Allah Ya ba ni ta harshe a nan na zuba ta, don rahoton yana rufe laifin jakada, yana kuma rufe nawa. Saboda takardar nan ba wanda ya bi kadin mutanen, ba wanda ya nemi a mayar da su ga iyalansu. Kafin shekara ta zagayo aka ƙara mini girma. Isyaku kuwa aka tura shi wata ƙasa da yaƙi ya ɗaiɗaita, inda ba wuta ba ruwan famfo, wurin da kowa ke gudu. Na ji tausayinsa a lokacin, har ina cewa taurin kai ya ja masa. A can ya zauna da 'yan gudun hijira da fatake da limamai da fastoci, yana saurare yana rubutawa. Littafinsa na farko da duniya ta san shi da shi, daga can ya fito. Daga can kuma ya aiko mini da wasiƙa cewa Malam Audu ya rasu a Katsina bai sake ganin 'ya'yansa ba. Ban ba shi amsa ba.

Ranar irin wannan za ta zo miki, ko ba jima ko ba daɗe. Ba za a ce miki ki yi ƙarya ba. Za a ce ki gyara kalma, ki cire layi ɗaya, don amfanin ƙasa. Ki riƙe sirrin aiki, wannan wajibi ne, akwai abin da ba a faɗa. Amma yin shiru daban, rubuta abin da kin san ba haka yake ba daban. Ki ƙi cikin ladabi, da gajeruwar magana, kada ki tara mutane, kada ki nemi a yaba miki. Sannan ki shirya karɓar abin da zai biyo baya. In sun jefa ki inda ba kowa, ki je ki yi aiki. Mu a gidan nan ba za mu ji kunyar an hana ki girma ba.

Da na yi ritaya na dawo Suleja, na gina gidan nan, sai wasu suka zuga ni in tsaya takarar majalisar jiha. Kina ƙarama lokacin, kila kina tuna fostocin da aka manna har a ƙofar gida. Na yarda, don gani nake wanda ya zauna da ministocin ƙasashe ba zai rasa ƙuri'ar garinsu ba. Aka shirya mini taro a Kwamba da la'asar, a wani fili tsakanin gidajen haya, masu keke sun jera a gefe suna kallo. Na karɓi lasifika na yi kusan awa ina bayani a kan matsayin ƙasarmu a duniya da tattalin arziki, rabi Hausa rabi Turanci. Da na gama, wata mata ta miƙe, Hajiya Asabe, mai sayar da abinci a bakin titin Gauraka. Ta ce kowace damina kwatar lungunsu tana cika ta shigo musu ɗakuna, sai sun ɗora yara a kan gado suna kwarfar ruwa. Ta tambaye ni ko na taɓa shiga lungun. Na ce mata maganar kwata ta ƙaramar hukuma ce, ba ta majalisa ba. A doka gaskiya na faɗa. Ta gyara mayafinta ta ce, "To Alhaji, Allah Ya ba da sa'a. Mun dai ji Turanci." Ta fita, mata suka bi ta. Lungun nan bai fi taku hamsin daga inda nake tsaye ba, ban je na duba ba. Na faɗi zaɓen, har a rumfar ƙofar gidanmu.

Kada ilimi ya sa ki amsa tambayar da ba a yi miki ba. In mutum ya kawo miki damuwarsa, ki tashi ki je ki gani da idonki, ko da ba hurumin ofishinki ba ne, sannan ki nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In kin dawo hutu kuma ki shiga gidajen unguwa ki gaishe da mutane da Hausarki ta gida.

Bayan faɗuwata da 'yan shekaru Isyaku ya shiga majalisar tarayya. Zango ɗaya ya yi, ya ce ya isa, ya koma rubutunsa. Ina jin ana yabonsa a rediyo sai in kashe. Wata rana bayan sallar Juma'a, muna zaune a ƙofar masallaci, wani ya kawo maganarsa. Na ce ai Isyaku Turawa yake yi wa rubutu don su tafa masa, ya manta da Suleja. Na san ƙarya ce tun kafin in rufe baki, don shi ya sa aka gyara makarantarmu ta firamare. Maganar ta kai masa. Duk da haka da kakarki ta rasu ya zo ta'aziyya, ni kuwa na shige cikin gida na ce a ce masa ina da baƙi. Shekara goma sha huɗu ba mu yi magana ba. Bai yi mini komai ba, Ummi. Ganinsa ne yake tuna mini abin da na yi.

A aikinku za ki ga wanda kuka fara tare ya wuce ki. In kin ji wani abu ya taso miki a ƙirji, ki gane shi, ki kira shi da sunansa, hassada ce. Maganinta ki tashi a ranar ki je ki yi masa murna, tun ba ta yi jijiya ba.

Da kika nuna mini hoton nan, kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. A rana ta huɗu na yi sammako na shiga motar haya tare da ma'aikata masu zuwa Abuja, ban gaya wa kowa ba sai mamanki. Na iske Isyaku a gida, ya rame, idonsa ya kusa tafiya, matarsa ce take karanta masa takardu. Ina yin sallama ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan mai awo, sai yau?" Sunan da yake tsokanata da shi ke nan muna yara. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ce in tashi, na ƙi. Na faɗi duk abin da na zo da shi, na roƙi gafara. Ya ce nasa ya daɗe da yafewa, har ya manta wasu. Amma maganar rahoto ba shi aka yi wa ba, ba shi da ikon yafe ta. Ashe duk shekarun nan yana da labarin iyalan Malam Audu. Matar ta rasu, babbar 'yar tana nan, ita ma ɗinki take yi. Ya sa aka ba ni adireshinta.

Na rubuta mata. Ina faɗa da Hausa, Isyaku yana juyawa zuwa harshensu, matarsa tana rubutawa. Na gaya mata ni ne mutumin da ya ce wa mahaifinta ya dawo Litinin, ni ne kuma na rubuta cewa bai taɓa zuwa ba. Har yau ba amsa. Mai yiwuwa ba za ta amsa ba, kuma tana da gaskiya. Bayan wata uku zan sake rubutawa. Na kuma ƙudura zan rubuta labarin nan duka da sunana a kai, shafi biyu kowace safiya, in riƙa kai wa Isyaku ana karanta masa. Na kai masa babi na farko, ya ce rabinsa kare kai ne, in sake. Ina kan sakewa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na gaggauta takardar nan. Jiya mamanki ta gaya mini kina shawarar rubuta wa ofis a ɗage miki tafiyar, ko ma a ba wani, saboda ciwon sugana da ƙafar nan. Ta ce kin yi kuka, kin ce ba za ki iya nisa ina cikin wannan hali ba. Na ji, Allah Ya yi miki albarka. Amma ban yarda ba, kuma ban ba ki izini ba.

Ina shan maganina a kan lokaci, na bar shayi mai sukari, mamanki tana tsaye a kaina kamar soja. Yayanki yana nan Gauraka, duk abin da ya taso minti kaɗan ya kawo shi. Zamanki ba zai ƙara mini kwana ɗaya ba. Ba kuma ina tura ki don ki wanke laifina ba ne, wannan nawa ne, ni zan ji da shi. Ina tura ki ne don kin cancanta, kin ci jarrabawar nan da guminki, kuma akwai mutanenmu a can da suke buƙatar mai sauraronsu. In Allah Ya ƙaddara kira ya zo mini kina can, kada ki zargi kanki ko na minti ɗaya. Ki yi alwala ki yi mini addu'a daga inda kike, za ta iso. Na rubuta wannan da hannuna don ki riƙe shi shaida.

Ki tsare sallarki a kan lokaci, ko ana tsakiyar taro ki nemi uzuri. Ki kula da irin gidajen da za ki shiga da irin abin da za a miƙo miki. Ki riƙa kiran mamanki kowace Juma'a, ita ba za ta ce tana kewa ba, amma za ta zauna da waya a cinya. Kafin ki tashi kuma ki je ki gaishe da Baba Isyaku, yana jiranki.

Ranar Laraba in kin zo sallama, kada ki tayar mini da maganar zama. Ki zo da kayanki a ɗaure, ki durƙusa in sa miki albarka, ki tashi ki tafi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin mai sharri, Ya ƙarfafa zuciyarki ranar da za ki tsaya ke kaɗai. Ya dawo mana da ke cikin aminci da mutunci. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Mahaifinki.